Sai Ta Haihu

Funtua, kwana goma sha biyu bayan Babbar Salla, 1966

Zuwa ga Yayata Barakatu, a Ƙarfi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta Malam Sanda, da ƙafar nan tasa da ta hana ku zuwa mana salla. Ya yara, ya sharar gona, ya zafin nan? Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. Soyayyen naman da kika ba Raufu direba ya iso, Allah ya saka da alheri.

Yaya, maganar ɗanki ce ta sa na jiƙa tawada. Kin san ɗan fari ne a wurina, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. Ke kika yaye shi, ke kika riƙe shi har ya gama boko, maganarki yake ji. Don haka ki yi haƙuri da abin da za ki karanta.

Kin tuna Adaku, ɗiyar Ibon nan mai sayar da kayan keke a bakin tasha, wadda ta ɗinka maki riga da kika zo bara? Nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Tun tana ƙarama take shigowa sayen ƙuli-ƙuli, ta tsaya bakin ƙofa tana sauraren 'yan matan da nake koya wa karatu. Ranar Talata da hantsi uwarta ta zo, ta ƙi hawa tabarma, ta zauna a ƙasa. Yarinyar tana da ciki wata huɗu. Ta ce na ɗanki ne, tun farkon kasuwar auduga da yake aikin awo yana biyawa ta shagonsu. Na tura Maiwada, ƙanin marigayi maigidana, ya tambaye shi. Bai musa ba.

Shekaranjiya uban yarinyar ya zo zaure da kansa, tare da Alhaji Sikiru, Bayarben nan mai goro, don a sami mai tsayawa tsakani. Ina bayan ƙofa ina ji. Na yi zaton zagi zai yi, ko ya ambaci kotu. Wallahi ko murya bai ɗaga ba. Mutumin nan shi ke taimakon limaminsu da suke kira Fada, shi ke koya wa yaransu addini. Ya ce ya san za a cire shi daga wannan aiki, ya yarda. A ɗaura auren yanzu, irin namu ma, kafin cikin ya fito. Abu biyu ya roƙa. Kada a tilasta mata barin addininta, kuma kada a sake ta. Ya ce a wurinsu aure sau ɗaya ne, wadda aka saka ba ta da wani miji muddin na farin yana da rai, saboda haka idan yaron ya san ba zai iya ba ya faɗa tun yanzu.

Maiwada ya kusa cewa to. Sai ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Inno, ke ce mai karatu a gidan nan. Ya halatta?"

Yaya, tare muka zauna gaban Baba. Kin san auren Kirista bai haramta ga namiji Musulmi ba, kuma kin san ba a ɗaura wa mace aure da ciki a jikinta, ko da wanda ya yi cikin ne zai aura. Dole a yi istibra'i, kuma istibra'in mai ciki haihuwa. Abin da na faɗa ke nan. Na ce sai ta haihu. Na ƙara da cewa na ɗauki alkawari da bakina, ranar da ta sauka lafiya za a ɗaura.

Uban yarinyar ya juya hularsa a hannu. Daga baya ya ce shi ma mai bin doka ne, ba zai ce wani ya karya tasa ba. Ya tashi ya tafi.

Tun ranar abinci bai yi mani daɗi ba, ko da yake na san gaskiya na faɗa. Ki aiko wa ɗanki da magana, ko ki zo kafin ruwa ya sauka. Ki ce mashi ya tuba, ya riƙa zuwa gaishe su, ya san akwai nauyi a kansa.

Ki gaida Malam da jiki. Ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Ƙanwarki,
Inno


Funtua, ƙarshen Safar

Yaya Barakatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, shuka ta fito, ƙafar Malam ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na ji dalilin rashin zuwanki, Allah ya ba shi lafiya.

Na san labarin abin da ya faru a garin nan ya kai maku. Tun da sojoji suka kashe manyanmu a Kaduna cikin azumi mutane ke ta ƙananan maganganu a kan Ibo, sai ga shi ya fashe. An ƙona shaguna a bakin tasha, har da na uban Adaku. Ba zan rubuta maki abin da idona ya gani ba. Alhaji Sikiru ya ɓoye uban da uwar a rumbun goronsa, ni kuma na jawo yarinyar ɗakina, na yafa mata mayafina. Kwananta tara a wurina.

A kwanakin nan na san ta fiye da shekarun da suka wuce duka. Da asuba in na shimfiɗa buzu, ita sai ta durƙusa a gefen gado da ɗan carbinta mai gicciye. Da farko na ji nauyin abin a ɗakina, na rasa yadda zan yi. Na bar ta. Wata rana tana tsince mani shinkafa na ba ta labarin Nana Maryamu yadda Baba ya karantar da mu, da gindin dabino, da yadda mutanenta suka zarge ta. Ta saki baki. Ta ce, "Inno, ashe kun san ta?" Na ce yarinya, ai mun fi ku kunyarta. Ranar ce kaɗai na ji dariyarta.

Inda muka rabu kuwa mun rabu. Ta ce Annabi Isa ɗan Allah ne, an kashe shi don ya ɗauke zunubin mutane, har da nata. Ta ce kamar ragon da ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim, wanda muke yanka don tunawa da shi. Na ce subhanallahi, Allah bai haifa ba, kuma a wurinmu kowa kayansa zai ɗauka, ba mai ɗaukar wa wani. Ba ta yi gardama ba. Ta dubi cikinta kawai ta ce to ita ga nata tana ɗauke da shi, ɗanki kuma ina nasa? Na tashi na duba tukunya.

Kin san abin da suke yi? Mai laifi yakan je ya durƙusa gaban Fada ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa. Ta je ta faɗa. Har yanzu ba ta karɓar gurasar nan da suke ci a coci, wadda suke ɗauka da girma ƙwarai, kuma bencin baya take zama, kowa ya san dalili. Ubanta ya ajiye aikinsa na coci. Ni dai ban ga yadda mutum ɗan'uwanka zai yafe maka abin da ke tsakaninka da Ubangiji ba. Namu ya fi, ka rufa wa kanka asiri, ka tuba kai da Mahaliccinka. Amma Yaya, ranar Juma'a na leƙa na ga ɗanki ya fito da farar riga da turare, mutane suna ba shi hannu suna ce mashi malam. An rufa mashi asiri, ban sani ba ko ya tuba. Sau ɗaya bai tako ɗakina ya tambayi jikinta ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Maiwada ya yi mashi magana. Wai amsar da ya bayar, "Ai Inno ta ce sai ta haihu, ni ba zan tsallake shari'a ba." Maiwada ya ce da fara'a ya faɗa. Wannan fara'ar ta fi komai tsaya mani a rai.

Yanzu gari ya lafa. Ibo da yawa sun ɗaure kaya sun tafi, uban Adaku ma ya so tafiya. Ita ta ƙi. Ta ce mashi Inno ta yi alkawari, kuma duk Funtua ba wanda ya taɓa jin Inno ta yi ƙarya. Ta ce ba za ta kai ɗa marar uba garin da ita kanta sau biyu ta taɓa zuwa ba. Saboda haka suka zauna. Sun kama ɗaki ɗaya a bayan gidan Alhaji Sikiru, uban yana facin taya a gindin bishiya.

Maganata ce ta zaunar da su, Yaya. Ki taya ni addu'a watannin nan uku su wuce lafiya. Ki sake aiko mashi da magana, mai zafi wannan karon.

Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Inno


Funtua, bakwai ga Jimada Sani

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya Malam, ya damina.

Adaku ta sauka ranar Litinin bayan azahar. Mace ce, lafiyayya, ni na yanke cibi. Ban so in faɗa ba, amma goshin Baba ne da ita sak, har da kunnuwan.

Ina wanke hannu na aika a kira Maiwada ya sayo goro. Ya zo ya tsaya yana kallon ƙasa. Wai ɗanki ya bar gari tun ranar Asabar, ya ce ya tafi duba gonakin auduga wajen Bakori. Na aika Bakori, ba a gan shi ba. Jiya Raufu direba ya biyo karɓar saƙo, na tambaye shi labarinku, shi kuma bai san ɓoyo ake yi ba. Ya ce ai shi ya sauke shi a ƙofar gidanki. Ya ce har an kai gaisuwa gidan su wata yarinya Lauratu a Kafur, kuma ke kika jagoranci mata.

Na karanta wasiƙunki uku na sake karantawa. A kowace kin ce kin yi mashi faɗa. Ban ce kin yi ƙarya ba, ke babba ce. Na san son da kike yi mashi, na san kuma abin da mutane za su ce idan ya auri Ibo a wannan lokaci. Amma tare muka zauna gaban Baba, kuma abin da ya fi tsananta mana a kai shi ne alkawari.

Istibra'i ya ƙare. Abin da na ce a jira ya zo. Uban yarinyar ya zo zaure sau biyu da wankakkiyar riga, na sa an ce mashi ana shiri. Ban taɓa sa a faɗi abin da ba haka yake ba sai a wannan makon.

Don girman Allah ki sa shi a motar Raufu gobe. In ba zai zo ba, ya aiko da wakilci a rubuce, Maiwada ya karɓa mashi. Gari ya fara ɗaukar zafi kuma, mutane suna taruwa gindin rediyo suna tashi da baƙar fuska.

Ki gafarce ni in na yi maki tsauri.

Ƙanwarki,
Inno


Funtua, uku ga Rajab

Zuwa ga Yayata Barakatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Sanda da yara. Na ji dawa ta yi kyau wajenku bana, Allah ya sa albarka. Ni na yi kwana goma a kwance, yanzu na tashi. Ki yi haƙuri da rubutun.

Amsarki ta iso. Kin ce a bari ƙura ta kwanta, yaro ne, kuma ko an ɗaura auren, shari'a ba za ta ba shi ɗiyar ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Sauran ban da abin cewa.

Mako guda bayan wasiƙata abin ya sake tashi, ya fi na farko muni. Ranar Alhamis uban Adaku ya fita da safe ya ce zai zo wurin Maiwada ya ji ranar ɗaurin aure. Bai iso ba. Alhaji Sikiru ne ya same shi bayan la'asar kusa da layin dogo. Shi da Maiwada suka haƙa mashi rami a bayan cocinsu, ba Fada, ba kowa nasu. Alhaji ya ce bai san abin da ake karanta masu ba, sai ya ɗaure ƙirare biyu ya kafa a kan kabarin, don ya ga haka suke yi. Da wankakkiyar rigar nan aka binne shi.

Matan biyu da jaririyar na ɗakina har kwana biyar. Uwar ko kallona ba ta yi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. A rana ta biyu ta ɗebi ruwa a randata da moɗa, ta zuba wa jaririyar a ka sau uku tana faɗin wasu kalmomi. Adaku ta ce baftisma ce, wai in ana tsoron mutuwa kowa na iya yi ko ba Fada. Jikata, a ɗakina, da ruwan randata. Na buɗe baki zan hana, sai na tambayi kaina da wane matsayi. Mu ba mu yi mata huɗuba ba, ba mu yanka mata rago ba, ba mu raɗa mata suna ba. Na rufe bakina.

Akwai abin da Alhaji Sikiru ya faɗa mani da ya zo gaishe ni. Ya ce a Makka ya zauna da malaman wasu ƙasashe, a cikinsu akwai masu ganin ya halatta a ɗaura auren tun da cikin, in wanda ya yi ne zai aura. Ya ce tun ranar farko a zaure maganar ta zo mashi baki, ya ji nauyin ya gyara wa ɗiyar malam karatu a gidanta. Ban sani ba ko haka ne. Ni abin da Baba ya karantar da mu na faɗa, kuma har gobe haka yake a littafi. Amma da aka tambaye ni ban ce a ba ni kwana biyu in tambayi na gaba da ni ba. Nan take na amsa, har da jin daɗin cewa na sani. Hukuncin na sani, Yaya. Yaron da na ɗauki alkawari a madadinsa ne ban sani ba, tun da ban taɓa zama da shi ba. Ina tuba, kullum ina tuba, ni da Ubangijina. Wani lokaci nakan ji da ma akwai wanda zan durƙusa gabansa in faɗa mashi da baki, sai in yi istigfari a kan wannan tunanin ma.

Ranar Talata aka ce jirgin ƙasa zai kwashi sauran mutanensu, 'yan sanda suna gadin tasha. Ni na goya jaririyar har can, don ba mai taɓa tsohuwa da goyo. Shekarata ashirin rabona da fita da rana tsaka. Adaku ta shiga tarago, na kwance zane na miƙa mata ita ta taga. Ta gaya mani cewa a al'adarsu ɗiyar da ba a biya sadakin uwarta ba ta gidan kakanta ce, sunansa za ta ɗauka. Mutumin da ke kwance bayan coci ke nan.

Sai ta riƙe hannuna. Ta ce, "Inno, ke ba ki ƙarya. In ta girma za ta tambaye ni. A addininku yarinyar nan tana da uba?"

Yaya, mutane na turereniya, jirgi na kuka, ga goshin Baba yana kallona daga cikin tsumma. Kalma ɗaya ce da na faɗa da ta tafi da ita ta riƙe har tsufanta. Na nemi kalmar na rasa. Na ce mata a shari'a ba ta da shi.

Ta gyaɗa kai kamar da ma ta sani. Ta ce, "Ba komai. A namu tana da Uba a sama." Ban iya cewa amin ba, ban kuma iya cewa a'a ba. Ta sake hannuna, jirgi ya ja. Ban tambayi sunan da suka sa mata ba, sai da na dawo gida na tuna.

Na ji an sa bikin Kafur bayan kaka. Ba zan zo ba, kada a aiko mani da goro. Ban yi mashi baki ba, ba kuma zan yi ba, Allah ya shirye shi. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki kira shi ɗakinki, ki zaunar da shi, ki karanta mashi wasiƙar nan tun daga sallama har sunana. In ya ce zai tashi ki ce ya zauna. Yana da ɗiya, kwananta talatin a duniya, ban san inda take ba.

Ki gaida Malam. Ki yafe mani, ni na yafe maki. Allah ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarki,
Inno